Ranar da Innarki Ta Hau Keke

Zuwa ga autata Ramatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ki gaisuwar uwa, wadda baki ba ya iya ƙare ta. Ina fata wagga takarda ta iske ki kin sauka Dogarawa lafiya, kin sami ɗaki mai iska da maƙwabta masu mutunci. Allah Ya tsare ki a tafe da zaune, Ya sa kin shiga aikin nan da ƙafar dama. Babanki yana sa miki albarka, yayyenki duka suna gaishe ki.

Ranar da muka raka ki tasha na so in yi miki magana mai tsawo, amma mota ta cika, yaron mota yana ta buga ƙofa. Shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. An gaya mini lakwal ɗin da aka tura ki, wato makarantar da za ki koyar, tana bakin kwalta, kuma yaran ƙauyuka da yawa a kan keke suke zuwa. Da na ji haka sai da gabana ya faɗi, daga baya kuma na yi murmushi, domin wannan gonar na nome ta. Kin san mutanen Konni suna ce mini Madam mai keke, amma kina ƙarama lokacin da abin ya faru, ba ki san tuntuɓen da na yi kafin sunan ya zama na yabo ba. Yau zan faɗa miki, don kada ki faɗa ramin da na faɗa.

A shekarun da suka biyo bayan babban farin nan, ina riƙe da ajin manya a lakwal ɗin gefen gari. Lokacin tsofaffin kekuna sun fara shigowa daga Najeriya da yawa. Uba zai ba babban ɗansa keke ya ce ya ɗauki ƙannensa. Sai ki ga ɗaya a sirdi, ɗaya a kariya, ɗaya a kan ƙarfen gaba, jakunkuna na lilo. Birki kuwa, yawancinsu takalmi ne, yaro ya danna shi a kan taya har roba ta yi ƙauri. Hanyar da suke bi ita ce ta manyan motoci, masu siminti da masu albasa, suna wucewa suna girgiza ƙasa.

Samarin ajina suna da wani wasa. In kamiyo, wato babbar motar kaya, ya rage gudu a bakin gari, sai su bi shi su kama ƙarfen bayansa da hannu ɗaya, ya ja su ba tare da sun taka feda ba. Na gan su da idona, ba sau ɗaya ba. Na kawar da kai, na ce a raina aikina ya ƙare a ƙofar aji, abin da ya faru a kan hanya na iyayensu ne.

Akwai wani yaro Sa'idu, ɗan manomi daga wani ƙauye a kan hanyar Bazaga, mai kai ƙwarai, mai yawan dariya. Wata rana ya kama bayan kamiyo, direba ya kauce wa rami, yaron ya yi sama ya faɗo, keken ya danne shi. Ƙashin cinyarsa ya karye. Ni aka fara kira, domin ni ce madam ɗinsa. Na iske shi kwance a gefen kwalta, littattafansa sun watse cikin rairayi, yana cewa, "Madam, kada a gaya ma babana, keken nashi ne." Ramatu, ranar na gane ƙofar aji ba iyaka ba ce. Yaron da aka ba ki amana naki ne tun daga inda ya baro gida har ya koma. In kin ga abin da zai cuce shi, ko a kasuwa ne, ki yi magana. Gara a ce kin cika shisshigi da ki tsaya a kan yaro kina da-na-sani.

Tsoro ya shige ni, kuma mai tsoro ba ya shawara. Washegari na je wurin direktanmu, shugaban lakwal, Mushe Abdu kamar yadda ake kiran malamai maza, na ce a hana zuwa lakwal da keke kwata-kwata. Ya ce, "Madam, kin tabbata?" Na ce na tabbata. Na tsaya a bakin ƙofa da bulala, duk wanda na gani da keke ya sha. Cikin 'yan kwanaki babu keke ko ɗaya a filin lakwal, ni kuma ina ta jin daɗi, na ɗauka na yi maganin abin.

Ashe ɓoye su suke yi a bayan dangar wani lambu. In an tashi sai su ruga su hau, su fita a guje don kada in gan su, ba mai duban dama ko hagu. Na ƙara musu gudu ke nan a kan wanda suke da shi. Sannan benci ya fara zama wayam. Wadda rashinta ya fi damuna ita ce Bintu, yarinyar da ta fi kowa lissafi, wadda wanta yake ɗaukowa daga ƙauyensu. Na aika a kira mini uwarta. Matar ta zo ta zauna a ƙasa, ta gaishe ni da ladabi, sannan ta ce, "Madam, ke cikin gari kike, taku kaɗan kin iso. Ɗiyata in ta taho da ƙafa sai rana ta yi tsaka, ta iso ta sha bulalar latti, ta koma da yunwa. Mi kike so in yi? Ko keke, ko ta zamna gida ta taya ni daka." Ki riƙe wannan, ɗiyata: kafin ki hana abu, ki tambayi mene ne yake ɗauke da shi. Keken da ya karya Sa'idu shi ne yake kawo Bintu ga karatu. Hani yana da sauƙi, kowa ya iya shi, amma ba don shi aka ba ki alli ba.

Na koma wurin direkta kaina a ƙasa, aka janye dokar. Na ce to, yanzu zan koya musu. Na cika allo da dokokin hanya cikin Faransanci, na sa su haddace. Suka haddace kuwa, har da rera su da murya mai daɗi. In na tambaya, hannaye su tashi, amsa ta fito daidai. Ana tashi sai su hau kwalta a jere kafaɗa da kafaɗa, suna tsere, kamar ba su ne suka gama karantawa ba.

A lokacin Sa'idu ya dawo, yana dogara sanda. Wata safiya ina tsakiyar bayani a kan yadda ake kama birki, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Madam, don Allah, kin taɓa hawan keke?" Sai wani ya fashe da dariya a baya, sauran suka bi. Na ɗaga bulala, sai idona ya sauka a kan sandarsa, na aje.

Na dawo gida ina huci, na zayyana wa babanki. Yana zaune a tabarma yana gyaran rediyonsa, bai ko ɗago ba ya ce, "To, yaron zaginki ya yi ko tambaya?" Na ce tambaya. Ya ce, "Kin amsa mishi?" Na ce a'a. Can na ce, "Malam, in na ce ka koya mini fa?" Sai ya aje rediyon ya dube ni da kyau, ya ce, "Kin san abin da gari zai ce?" Na ce na sani. Ya ce, "In kin iya ɗaukar naki rabon, ni na iya ɗaukar nawa."

Da babban hutu ya zo, kullum bayan sallar asuba sai mu tafi filin lakwal da kekensa. Ina sa wando a ƙarƙashin zane, in ɗaure gyale tamau. Babanki, da girmansa da gemunsa, yana riƙe da kariya yana gudu a bayana yana haki, yana cewa, "Dubi gaba, bar kallon ƙafarki!" Na faɗi har na daina jin kunya. Na shiga cikin ƙaya, na kuma taɓa kai wa tukunyar ruwan lakwal karo ta fashe. Mata masu zuwa rijiya suka gan mu, kafin hantsi labari ya gama unguwa. Aka ce Madam ta ga aikin mata bai ishe ta ba. A majalisa abokan babanki suka sa shi gaba, wani ya ce, "Malam, an ce kai ne jakin Madam yanzu?" Ya ce, "Ƙwarai. Kuma ɗanka yana cikin waɗanda nake yi wa dakon."

Abin da na koya da gwiwata da gwiwar hannuna, babu shi a allona. Na gane rairayin gefen kwalta yana cafke tayar gaba ya yar da mutum. Na gane in ka damƙe birkin gaba shi kaɗai, keke zai tsaya kai ka wuce. Na gane bakin zane yana shiga sarƙa. Ranar da na fara fita kan hanya, kamiyo ya wuce ni, na ji iskarsa ta ja ni kamar hannu. Sai na tuna yara ƙanana suna shan wannan kullum, ni kuma ina tsaye a inuwa ina ba su hadda. Ramatu, kada ki koyar da abin da ba ki ɗanɗana ba in akwai halin ɗanɗanawa. Kuma in yaro ya yi miki tambayar da ta kunyata ki, ki bar fushin ya kwana tukuna. Sau da yawa wannan tambayar ita ce darasin ranar, ke ce ɗalibar.

Ranar da aka koma lakwal, na bari sai da yara suka yi layi a gaban tuta. Sannan na shigo ta ƙofa a kan keke, ina kaɗa ƙararrawa. Na zagaye filin, na miƙa hannu na nuna zan juya, na zo gabansu na kama birki a hankali na sauka. Mushe Abdu ya tsaya baki buɗe. Sai Sa'idu ya ɗaga sandarsa sama ya yi ihu, "Madam ta hau!" Filin ya ɗauka gaba ɗaya, tafi da tsalle, 'yan mata suna rungume juna. Na dubi Sa'idu na ce, "Ga amsar tambayarka." Ban taɓa jin daɗin aiki irin na wannan safiya ba.

Daga nan muka bar allo. Muka zana hanya da toka a tsakar fili, da mararraba da kwana. Wasu yara su zama kamiyo suna tura amalanke suna ƙaho da baki, wasu su zama awaki su faɗo hanya ba sallama, ɗaya ya zama jandarma, mai tsaron hanya, da usur. Na koya musu cewa in uwar akuya ta tsallaka, a jira, 'ya'yanta suna tafe. A sauka a tura keke in za a ƙetare kwalta. Mutum biyu ne iyaka a kan keke ɗaya. A naɗe zane da ƙafar wando. Na kuma ce musu in mota ta nufo ku, ku saki keken ku yi ta kanku, ƙarfe ba ya jin zafi. Wannan mun yi ta maimaita shi har ya zama wasa: jandarma ya busa usur da ƙarfi, kowa ya diro ya faɗa rairayi. Na haɗa musu 'yar waƙa da Hausa, tunda da ita suke tunani:

Dama, dama, hannun cin tuwo,
Ɗaya bayan ɗaya kamar tururuwa,
In ka ji ƙaho sauka ka ba shi wuri,
Inna na jira, ba ta ce ka yi tsere ba.

Wani mai gyaran keke a bakin kasuwa, Ibro, ya yarda yana zuwa sau ɗaya a mako yana duba birki da tayoyi, yana nuna wa manyan yadda ake ɗaurewa.

Duk da haka sai da na sake yin wauta, don nasara tana sa kai ya kumbura. Wan Bintu ya gama lakwal, sai babansu, Malam Garba, ya bar mata keken take zuwa da kanta. Na duba na ga birkin ya mutu. A gaban yara duka na ce, "Ki gaya ma babanki, in ranki bai dame shi ba, ni ya dame ni." Yarinya ta kai saƙo yadda na faɗa. Washegari ba ta zo ba. Aka ce mini Malam Garba ya rantse ba za ta ƙara taka lakwal ba, tunda an zage shi a bakin 'ya'yan mutane. Na hau keke na tafi har ƙauyensu. Na iske shi yana ɗaure dami, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Malam, na yi kuskure, na zo neman gafara." Ya ƙarasa ɗaure daminsa. Sannan ya ce, "Madam, da kin kira ni gefe kin ce birki ya lalace, da ko akuya zan kai kasuwa a gyara. Amma ki ce ban damu da ɗiyata ba?" Na ce ya yi gaskiya. Ya sa aka kawo mini fura, Bintu ta dawo, birki ya gyaru. Ki kiyaye mutuncin uba a idon ɗansa, Ramatu. Gaskiyar da aka faɗa a gefe magani ce, wadda aka faɗa a taro kuwa mari ce, ko da kalmomin iri ɗaya ne.

Yanzu ga abin da ya sa na ce miki wahalar ta biya. Wata ranar kasuwa ce, hanya cike da jakuna da masu kaya a ka. An tashi da rana, yaran ƙauye sun jeru ɗaya bayan ɗaya a hannun dama. Sa'idu ne a gaba, don ƙafar ta warke ya koma hawa, kuma yara da kansu suka zaɓe shi ya riƙe usur. Ni ina can baya, na saba raka su har mararraba. Sai muka ji ƙaho daga gabanmu, ba ya yankewa. Wani kamiyo ne maƙare da buhunan albasa, yaron motar ya leƙo yana ihu, "Babu birki! Babu birki!" A hannunsa akwai amalanken jaki cike da mata, sai direban ya karkato ya nufo hannunmu.

Ni da nake koyarwa, bakina ya ƙi buɗuwa. Usur ɗin Sa'idu na ji. Kafin in ƙifta ido layin nan duka ya zube cikin rairayi, kowa ya saki kekensa ya yi gefe, manya suna jan ƙanana. Ni ma na diro. Kamiyon ya wuce ta daidai inda muke, na ji ƙarar ƙarfe yana murƙushewa, ƙura ta rufe ko'ina. Can gaba ya nutse cikin tudun yashi ya tsaya.

Na tashi na fara kiran sunaye. Duk wanda na kira sai in ji "Na'am, Madam" daga cikin ƙura. Na kira Bintu, ta amsa tana kuka, tana nuna kwalta. Kekenta ne motar ta taka, ya lanƙwashe kamar an murɗe kara. Ita kuwa ko ƙwarzane babu sai a gwiwa. Babu yaron da ya rasa ko yatsa.

Kasuwa ta watse ta yo kanmu. Direban ya sauko ya zauna a ƙasa ya dafe kai, yana ta salati. Da ya sami baki sai ya ce, "Na ga yara, na rufe ido, na ce shi ke nan. Wa ya koya musu wanga abu?" Yaran suka juyo suka nuna ni. Wata tsohuwa, cikin waɗanda suka fi yi mini dariya a bakin rijiya, ta rangaɗa guɗa, sauran mata suka ɗauka. Malam Garba yana kasuwar ranar. Ya ratso taro, ya ɗaga ɗiyarsa ya dudduba ta, ya dubi keken, sannan ya dube ni. Na ce, "Malam, keke ya tafi." Ya ce, "Ya tahi lahiya, Madam. Ƙarhe ne, maƙera na nan." Wani jandarma da ya zo duba motar ya tsaya a gaban Sa'idu ya sara masa, yaron ya rasa inda zai sa kansa don murna. Ranar da rakiya na koma gida, yara na tura kekuna suna rera waƙarmu, manya na amsawa. Babanki ya fito ƙofa ya ga taron, ya ji labari, ya koma ciki da sauri don kada a ga idonsa.

Bayan haka malamai suka riƙa zuwa daga wajen Illela da Malbaza su ga hanyar tokarmu, su koma su zana tasu. Har na bar aiki, ban ƙara tsayawa a kan yaron lakwal ɗinmu kwance a kwalta ba. Wannan ikon Allah ne, amma Allah Ya ga mun ɗaure raƙuminmu. Bintu ungozoma ce yau. Sa'idu direban taksi ne, an ce fasinjoji suna mita wai ya cika rage gudu in ya ga 'yan lakwal.

To, ɗiyata, yanzu naki ne. Ba lallai matsalar Dogarawa ta zama irin tamu ba. Ki yi makonni kina kallo kafin ki kafa doka. Ki fito da wuri ki tsaya a ƙofa, ki ga ta ina kowane yaro ya ɓullo da abin da ya hau. Ki san iyayensu tun kafin buƙata ta taso, ki gaishe da mai gari da matansa, ki girmama direktanki ko da kin ga kin fi shi sabon ilimi. Za a yi magana a kanki, mace mai aiki ba ta rasa masu magana. Ki auna, in gaskiya ce ki gyara, in ba ita ba ce ki ci gaba da aikinki. Kuma in kin yi kuskure, don za ki yi, kada ki aika, ki tafi da ƙafarki ki ba da haƙuri tun abin bai yi tsami ba.

Ki riƙe salla a kan lokaci. Ki ci abinci, na san halinki in aiki ya yi yawa. In kin ga motar da ta yi lodi fiye da kima, ki haƙura ki jira ta gaba, ba mai korarki.

Allah Ya tsare ki daga sharrin hanya da sharrin baki. Ya tsare yaran da aka damƙa miki, Ya kai su lakwal lafiya Ya maida su ga uwayensu lafiya, safe da rana. Ya sa wata rana ki kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya, suna manya, kowa ya amsa miki daga inda Allah Ya ɗaukaka shi. Na yafe miki duniya da lahira, na sa miki albarka. Amin.

Wassalam,
Innarki, daga Konni.